Mai Hannun Wuta a Gidan Pak Mistari

A Karang Sokon, ƙauyenmu na bakin teku, in ka tambayi wane ne Sahrawi, kafin a faɗa maka sunan ubansa za a ce maka shi ne mai hannun wuta. Matan da ke tantance 'ya'yan kifi sun ce yaro ne mai ladabi, ba ya wuce babba bai rusuna ba, amma duk abin da ya taɓa sai ya mutu. Masu shan kofi a bakin hanya kuwa cewa suke ko buhun siminti ka ba shi ajiya, ka leƙa da safe ka ga ko yana numfashi.

Ya zo aiki gidan Pak Mistari ne kwana arba'in bayan rasuwar matar gidan, Bu Rohimah. Shekara ashirin ana yabon Pak Mistari da sanyin hannu, don a tankunansa na siminti ƙwan kerapu, wani kifin teku mai tsada, ba ya ɓaci. Amma tun zuwan Sahrawi aka zuba ƙwai sau uku, sau ukun kuma labari ɗaya. 'Ya'yan za su ƙyanƙyashe lafiya, su yi ta cin rotifa, ƙananan halittun da ake kiwo a tanki don ciyar da su. Sai sun kai wajen kwana talatin, lokacin da ya kamata dogayen ƙayoyinsu su janye, launi ya fito musu, su sauka ƙasan tanki su zama kifi sosai, sai su tsaya a haka fari fat, su yi ta mutuwa.

Hosniyah, 'yar Pak Mistari tilo, ta fara ganinsa ne ranar da ta kai abincin rana, shinkafa da masara da busasshen kifi. Ta same shi ya ɗaga kofin gilashi yana kallon 'ya'yan kifin da ba su fi gashin ido ba, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Ta tambaye shi me suka ce. Ya ce sun ce abincinta ya fi nasu ƙamshi. Dariya ta kufce mata, ta farko tun rasuwar mahaifiyarta.

Da sunan mai hannun wuta ya bazu a gari, ita ma ta karɓa, ta mai da shi nata. Garwashi take kiransa. Shi kuma ya sa mata Raɓa.

"Garwashi, ka ci abinci ko ka ƙone kwanon?" ta rubuta masa wata rana.

"Na ci, Raɓa. Kwanon yana gaishe ki, ya ce ya tsira."

A wajenmu miji ne ke tarewa a gidan iyayen mata. Duk wanda ya auri Hosniyah, shi zai gaji tankunan nan. Don haka da kawun Sahrawi ya zo da maganar neman aure, Pak Mistari ya ba shi kofi, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce ba zai damƙa 'yarsa da aikin rayuwarsa a hannun da ke kashe kifi ba. Ya ce akwai Fathor, ɗan dillalin 'ya'yan kifi, wanda ya daɗe yana zuwa gaisuwa a kan sabon babur. A makon ya sallami Sahrawi.

Hosniyah ba ta yi wa mahaifinta musu ba. Fathor ya zo sau biyu, ta gaishe shi ta koma ciki. Abin da ya fi damunta shi ne Sahrawi ya yi shiru, kwana tara ba saƙo. Ta ɗauka ya haƙura da ita cikin sauƙi haka, har ta rubuta masa, "In ka gaji ne, Garwashi, ka faɗa mini. Ba sai na ji a bakin mata ba."

Amsar ta zo da la'asar.

"Ban gaji ba, Raɓa. Kunyar rubuto miki nake ji hannu wofi. Na je ofishin masu binciken kifi na yi ta zama har wata tsohuwar malama ta saurare ni. Ta ce mai yiwuwa rashin sinadarin aidin ne, wanda ake sawa a gishiri saboda maƙoƙo. Ɗan kifi yana bukatarsa kafin ya sauya kama. Rotifa ba ta da shi sosai, ƙwarin ruwa na tafki ne ke da shi da yawa. Abin da ban gane ba, yaya Pak ya yi shekara ashirin da rotifa kaɗai?"

Hosniyah ta ajiye wayar a cinya tana tunani. Kowa ya san dokar mahaifinta: ko ɗigon ruwan tafki ba ya shiga tankunansa, don yana tsoron cuta. Amma sai ta tuna, tana ƙarama, tana ganin mahaifiyarta na dawowa bayan sallar asuba, lokacin da maza ke zaune a masallaci, bakin zanenta jiƙe da laka. In ta tambaya, sai ta ce ganye ta je tsinkowa.

Ta tashi ta buɗe akwatin da ba wanda ya taɓa tun rasuwar. A can ƙasa ta sami zoben gora, an ɗinke masa wani tsohon ɗankwali mai laushi kamar rariya, gishiri ya bushe a jikinsa. Ashe da shi mahaifiyarta ke kamo ƙwarin tafki a ɓoye, ta zuba wa 'ya'yan kifin.

Ta kira Sahrawi a waya tana kuka tana dariya. Ta ce yanzu za ta kai wa mahaifinta, gari duka ya ji. Ya ce a'a. Ya ce mutumin da ya rasa mata bai kamata a ƙwace masa sunansa a rana ɗaya ba, kuma su ma ba su tabbatar ba tukuna. Ya ce ta dai nemo masa tanki ɗaya kawai.

Ta jira har mahaifinta ya ci abinci ya sha kofi, sannan ta durƙusa ta roƙa. Ta ce ya ba su tankin kusurwa, wanda ba kowa sai Sahrawi zai taɓa. In 'ya'yan kifin suka mutu, ba za ta sake ambatar sunansa ba. Pak Mistari ya dube ta, ya tambaye ta ko ta ji da kunnenta abin da ta ce. Ta ce ta ji.

Kullum da hantsin fari Sahrawi zai shiga tsohon tafkin da ke bayan itatuwan bakin ruwa, ya ja ɗankwalin a hankali, ya wanke abin da ya kama da ruwa mai tsabta sau uku, ya zuba wa 'ya'yan kifin tare da rotifarsu. Pak Mistari ya yi rantsuwa ba zai leƙa kusurwar ba, bai kuma leƙa ba. Hosniyah ce ke ƙirga kwanaki a zuci. Ranar ashirin da takwas ta kasa cin abinci. Ranar talatin wasu suka mutu, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ranar talatin da shida saƙo ya shigo.

"Raɓa, zo da Pak. Sun sauka."

Pak Mistari ya sunkuya a bakin tankin. Ƙayoyin sun janye, ɗigo-ɗigon launi ya fito, ƙananan kerapu sun taru a ƙasa suna harar juna kamar manya. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, ya tambayi me aka ba su. Sahrawi ya sunkuyar da kai. Hosniyah ce ta ɗauko zoben goran ta ajiye a gabansa, ta faɗa masa komai, da maganar aidin, da maganar jiƙaƙƙen zane.

Ya shafa ɗankwalin da yatsa. Shi ya saya wa Rohimah a shekarar aurensu. Ta ce masa ya ɓace a shanya, har ya yi mata faɗa. Ya naɗe shi ya shiga gida. Washegari dai ya aika a ce wa kawun Sahrawi ya dawo, ya zo da mutanensa da kayan zaƙi.

An ɗaura auren bayan wata biyu a tsakar gidan, tsakanin ɗakuna da tankuna. Fathor ma ya zo, ya ci shinkafa faranti biyu. Tsofaffin mata suka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai yawa kamar ƙwan kerapu. Masu shan kofi suka bi layi suna musafaha da ango, wani yana duba tafinsa wai ya ga ko ya ƙone.

Da ango da amarya suka zo durƙusa a gaban Pak Mistari, Sahrawi ya kama hannunsa zai sumbata. Tsohon ya riƙe hannun nasa gam, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Hosniyah ta ga bakin ɗankwalin ya leƙo daga aljihun rigarsa.

"Jama'a," ya ce, muryarsa ba ta da ƙarfi amma an ji, "shekara ashirin kuna yabon hannuna, ashe na Rohimah ne. Ita ba ta nan da zan roƙe ta. Wannan kuwa yana nan." Ya juyo ya dubi Sahrawi. "Na bari an ɓata maka suna a gidana, da bakina na ƙara. Ɗana, na yi kuskure. Ka yafe mini."