Jar Motar Nuruddeen

Bas ɗin Kibiya ce ta mutu a ƙofar garejinsa a Rano, Nuruddeen ya fito daga ƙarƙashinta baƙi wuluk, sai ya ga wata budurwa tana ɓoye dariya da mayafi. Adawiyya ce. Gyaran minti goma sai da ya kai shi awa guda, don dai ya samu lambarta.

Kafin ita, buri ɗaya yake da shi a duniya: wata jar mota mai ƙofa biyu, mai gudun tsiya, da ya yi odarta daga Japan bayan shekara shida yana tattali.

"Hasken idona, tana cikin jirgin ruwa," ya rubuta mata. "Ke za ki fara shiga gaba."

"Ni ko ita, wa ka fi so?"

"Ita ba ta iya harara ba."

Motar ta iso da takardun kwastam cif, amma sitiyarinta a dama. Jami'an duba motoci suka ce doka ta hana, babu lamba sai an juya shi hagu. Nuruddeen bai damu ba, aikin sati ɗaya ne a wurinsa. Da murna ya je Kahu, garin su Adawiyya, ya faɗa mata, sai ya ga ta dafe bango.

"Nuru, juyayyen sitiyari ne ya kashe Yaya Murtala. A kwanar shigowa garin nan ya kwance masa a hannu."

Mahaifinta, Malam Sharu, bai ko ɗaga murya ba.

"Yaro, ba na ƙin ka. Amma ni na wanke Murtala da hannuna. Ba zan ba da 'yata ta shiga irin motar nan ba. Kada ka sake zuwa."

Wata biyu babu gaisuwa. Nuruddeen ya rame, Adawiyya ta yi kuka har Iya, kakarta, ta daina lallashi ta koma taya ta. Rannan ta kasa daurewa ta tura saƙo.

"Ka sayar da ita mana, don Allah."

"Wanda ya saya zai juya ta, Adawiyya. Shi ma yana da uba."

Ta karanta ya fi sau goma, sannan ta kai wa mahaifinta wayar. Ya duba, ya miƙo mata.

Ranar kasuwar Rano Malam Sharu ya biya ta garejin. Ya tarar da injin a gefe, ƙofofin jingine da bango, an yanka jar motar gida biyu yadda ba mai iya sake haɗa ta. Nuruddeen na zaune a kan taya, idonsa jawur.

"Ka taɓa tuƙa ta?"

"Ko sau ɗaya, Baba. Na dai kunna ta na ji kukanta."

Tsohon ya dubi abin da ya rage na motar. Sannan ya zaro makulli daga aljihu.

"Akwai tsohuwar Fijo a gidana, a ita na koya wa Murtala tuƙi. Tun rasuwarsa ban bar kowa ya taɓa ta ba. Ka zo ka tashe ta. Ka taho da manyanka."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Da sati ya zagayo, ango ya ɗauko amaryarsa a Fijon za su je gaida iyaye, tana tafe tana tari kamar Iya da sanyin safiya. A kwanar Kahu ya tsaya da kansa, suka yi wa Murtala addu'a, Adawiyya tana share hawaye.

"Ka yi kewar jar, ko?"

"Kullum," ya ce. "Amma ai na yi alkawari ke za ki fara shiga gaba."

Malam Sharu na bakin zaure lokacin da ya ji ƙarar injin da ya sani. Ya miƙe, ya ɗaga hannu zai sa musu albarka. Da ƙyar ya iya cewa, "Allah ya yi muku albarka. Kun iso lafiya."