Kwanon Ruwan Wardi

"Ba zan hau dandamalin bikin nan ba, Syuhada. A ɗaura aure kowa ya watse!"

"Haba Abang... Mak fa ta rantse 'yarta ɗaya tilo ba za ta yi aure a ɓoye ba."

Hazwan, angon nawa da nake kira Abang, ya juya kekensa na guragu ya ba ni baya. Tun da babur ya kayar da shi a hanyar garin Kuantan lakarsa ta taɓu, bayan gida ba ya yi masa sallama. An dasa masa 'yar na'ura a ƙugu mai zungurar jijiya da lantarki. A da sau shida yake ɓata kayansa a mako, yanzu sau biyu. Likita har murna yake.

"Sau biyun nan, wa ya san ranarsu?"

"Masoyina, zaman awa ɗaya ne fa..."

"Ke ce ba ki san tsawon awa ba."

Don ni ya yarda, ni kuma don uwata, Mak, na matsa. Har yau abin yana ci mini rai.

Ranar biki, kwanansa biyu bai sa komai a ciki ba. Aka ɗora shi da kekensa a dandamali kusa da ni, cikin kaya ruwan ƙwai masu zaren zinariya. Dattawa suka yi layi, kowa ya zo ya yayyafa mana ruwan wardi a tafin hannu, daga kwanon da ke tsakaninmu.

Ana kan mutum na bakwai ya damƙe hannuna. Yatsunsa sanyi ƙalau.

"Syuhada... ya zo."

Ban yi tunani ba. Na kai wa kwanon gwiwar hannu, ya kife a cinyarsa, ƙamshi ya cika wurin.

"Wace irin sakarya na haifa!" in ji Mak.

"Amarya ta ƙagu!" wani ya faɗa, aka kwashe da dariya.

Na tura shi ɗaki wai zai canja kaya, na murza makulli. Na durƙusa da kwalliyata ina wanke shi, a waje ana ta kiɗa. Hawayensa na ɗiga a bayan hannuna.

"Abang, kar ka yi kuka. Ba wanda ya gane. Ni suke yi wa dariya."

Ya daɗe yana kallon lallen hannuna.

"Na sani," ya ce. "Shi ya fi ciwo."