Shayin da Ya Huce

Tun da matarsa ta rasu, Kaka ya rage magana. Ga mantuwa ta kama shi. Amma kullum da yamma sai ya haɗa shayi kofi biyu. Da can shi da matarsa suke sha. Yanzu jikarsa ce mai shan na biyun.

Wata rana da yamma Umma, mahaifiyar jikar, za ta tafi aiki. Ta ce wa yarinyar, "Ki zauna da kakanki. Kada ki bari ya fita shi kaɗai."

Umma na fita, yarinyar ta kunna talabijin. Ana nuna fim ɗin wani tsoho da ba shi da kowa.

Kaka ya leƙo ya ce, "Amaryata, shayinmu zai huce." Haka yake tsokanarta.

"Ina zuwa, Kaka," in ji ta. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Tausayin tsohon cikin fim ɗin ya kama ta. Ta sha kuka har da majina. Da fim ya ƙare, ta shiga ɗakin Kaka. Ba kowa. Sandarsa na jingine da bango, kofunan kuwa babu su. Ƙofar gida a buɗe take.

Ta fita a guje ba takalmi. Mai shago ya ce ya ga tsohon ya nufi babban titi. Can kuwa motoci ba sa tsayawa, kuma Kaka ba ya gani sosai.

Ta ari wayar mai shago ta kira Umma. Umma ta zo hankali a tashe. Suka duba lungu-lungu, ba shi. Rana ta kusa faɗuwa.

Sai Umma ta tuna da wurin tsayawar bas. A nan ne da can Kaka yake tarbar matarsa idan ta taso daga aiki.

Can suka same shi a kan benci, gwiwarsa ta kurje. Kofi biyu na gefensa, bai taɓa ko ɗaya ba.

"Baba, me ya kawo ka nan?" in ji Umma.

"Jiranta nake," ya ce. "Shayi ba ya daɗi mutum shi kaɗai."

Kunya ta rufe yarinyar. Ta zauna kusa da shi, ta ɗauki kofi ɗaya ta shanye shayin duk da ya huce.

A gida ta ba Umma haƙuri. Umma ta ce, "Kin yi wa tsohon cikin fim kuka, kin bar naki yana kiranki. Tausayi na gaskiya daga gida yake farawa."

Daga ranar, ita take fara ɗauko kofunan. Takan tambayi Kaka labarin matarsa, shi kuma ya ba ta. Wata rana har ya yi dariya, ya ce amaryar tasa ta fi marigayiyar shan sukari.