Minti Tara na Jin Ra'ayin Jama'a

"To kai meye aikinka a nan, gadin fitila?" in ji Ladidi, tana nuna Tanimu da carbi.

Da takabarta ta fito, abin da unguwa za ta shekara tana tauna. Tanimu ƙanenta ne, shi ke kula da Alƙalama, na'urar da ke sarrafa dokokin Majalisar Ƙasa a Birnin Tsakiya. Na'urar tana bayansa tana ƙyafta koren idonta kamar ba ita ta yi ɓarnar ba.

A da ƙudiri sai ya shekara yana yawo: karatu na ɗaya, na biyu, kwamiti, jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, ɗaya zauren, sannan teburin shugaban ƙasa. Yanzu kafin shayi ya huce an gama. 'Yan majalisa na kwance a benayensu suna danna yatsa. Wani ma, an ce, surukarsa ke danna masa. Jama'a kuwa minti tara ake ba su, ta 'yar ƙwayar sauraron da ke kunnen kowa. Wanda bai ce uffan ba, ya yarda.

Ranar Talata aka shigar da ƙudirin tashin maƙabartar Unguwar Gawo, a gina tashar jirgin iska. Minti taran suka faɗo daidai jana'izar Malam Barau, mijin Ladidi, a wannan maƙabartar. To wane marar kunya ne zai bi gawa, ko ya zauna makoki, da ƙwaya a kunne? Kowa ya cire ya jefa aljihu. Mutum dubu huɗu, duk suka yarda.

Tanimu ya ce mata kwana uku yana lallashin na'urar. Na'urar ta ce doka ba ta warwaruwa sai da sabon ƙudiri, layin ƙudirin talakawa kuma ya kai shekara shida. Injinan tono kuwa jibi za su iso.

"Yaya, ni ma sunana na cikin masu yarda," ya ce, kansa a ƙasa. "Ni na kama makara ta gaba."

Ladidi ta matsa, ta kai bakinta jikin ƙarfen, ta ce ba ta yarda ba. Alƙalama ta yi mata gaisuwar rashi cikin ladabi, har da Hajiya, sannan ta sanar da ita an rufe karɓar ra'ayi.

Ladidi ta zare ƙwayar kunnenta ta ajiye a gaban Tanimu.

"In sun zo jibi, kai za ka sake kama masa makarar."

Ta fita, ta buga ƙofar har koren idon ya girgiza.