Buntu a Kan Jini

Ƙarfe tara da rabi na safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Bunkure, aka ce wata mata ta mutu a wurin turara shinkafa da ke bakin kanal ɗin noman rani.

Sufeto Badaruddeen ya tarar da gawar a kwance kusa da kwatarniyar siminti da ake jiƙa shinkafa, an lulluɓe ta da zane. Sunanta Nasara. Gefen kanta ya bugu da bakin simintin. Jaririyar da take goye da ita ko ƙwarzane ba ta yi ba, tana hannun wata ma'aikaciya tana tsala kuka.

Manajan wurin, Mukhtari, ya nuna mai riƙe da jaririyar.

"Ga ta nan, Yallaɓai, Murna. Jiya sun yi cacar baki a kan daro. Yau da idona na ga ta hankaɗa ta."

"Wallahi ban taɓa ta ba," in ji Murna. "'Ya'yana uku a gida, Yallaɓai. Wa zai riƙe min su?"

Sufeto ya dubi ƙasa. Ko'ina an barbaɗe da buntu, wato ɓawon shinkafa.

"Wannan fa?"

"Kullum da safe muke zubawa," in ji Mukhtari. "Ruwan shinkafa santsi gare shi, buntu ne ke riƙe ƙafa. Ba yadda za a yi mutum ya zame a nan."

Sufeto ya sa aka ɗaga gawar. Inda ta kwanta babu buntu ko ƙwaya ɗaya, sai daɓe kore shar yana sheƙi. A kan jinin kuwa ga buntu nan, busasshe, a sama.

Ya tsuguna ya share gefe da hannu. Wani dogon layi ya bayyana, kartar dunduniyar silifas a kan sabon fenti. Ya shafa daɓen, tafinsa ya sulale kamar a kan sabulu.

A bayan murhu ya iske wata dattijuwa, Inno, da tsumma ɗaure a wuyan hannu.

"Iya, me ya sami hannun?"

"A gida na faɗi, ɗan nan."

"Koren fenti kika shafa wa gidan naki? Ga shi nan a bakin zaninki."

Inno ta saci kallon ofishin manaja.

"Iya, in kika yi shiru, Murna a gidan yari za ta kwana."

Tsohuwar ta share ido da gefen mayafi.

"Shekaranjiya na faɗi, a nan. Tun ranar Asabar manaja ya shafa fentin mai, wai masu sayen shinkafa za su zo daga birni su ɗauki hoto. Ya ce duk wadda ta zuba buntu ta ɓata masa daɓe, ta kama hanyar gida. Mun roƙe shi, ya ce mu riƙa tafiya a hankali. Da daro cike a ka!"

"Kin ga faɗuwar Nasara?"

"Na gani. Murna tana can bakin rijiya. Ƙafar Nasara ce ta tafi, ta yi baya za ta danne 'yar. Sai ta murɗa jikinta ta faɗi ta gefe. Da ta yarda ta faɗi ta baya, ƙila da yanzu tana nan."

Sufeto ya koma wurin Mukhtari.

"Yaushe ka ce an zuba buntun?"

"Da sassafe, Yallaɓai."

"To ya aka yi ya hau kan jini, bai shiga ƙarƙashin gawa ba? Gawar ce ta share wurin kwanciyarta?"

Sufeto ya kama hannun rigar Mukhtari ya girgiza, buntu ya zubo daga naɗin.

Mukhtari ya zauna a kan buhu.

"Ni na zuba, bayan ta faɗi. Tsoro na ji. Kwana uku kawai na so daɓen ya yi da kyansa. Ban yi nufin..."

"Murna fa? Ita ma ba ka yi nufi ba?"

Aka sa wa Mukhtari ankwa, aka wuce da shi mota.

Mijin Nasara bai iso daga gonar tumatir ba tukuna. Murna ta kunce mayafinta ta goya jaririyar, ta ɗaure tamau. Sannan ta ciko daro da buntu, ta fara barbaɗawa tun daga ƙofa, ta inda masu ɗaukar gawa za su bi.