Ɗan Makaɗin Kausani

Ranar da Mudassir ya fara ganin Khairiyya, yana kan dandamali ne a ɗakin taron jami'a a Wudil, ya sha babbar rigar aro, yana rera waƙar jarumin wasan. Irin wasan nan ne rabi magana rabi waƙa, kuma kaf garin babu mai muryarsa. Yana ɗaga ido ya hango ta a layin gaba ta tallafe haɓa, sai da baitin ya nemi kuɓuce masa.

Da aka tashi ta tare shi a bakin ƙofa. "Sannu da ƙoƙari. Wa ya koya maka jan murya haka?"

Kafin ya amsa, wani dattijo ya turo keke ya tsaya, ganga ɗaure a baya, ƙafarsa duk taɓon gona. Ƙasimu ne, mahaifinsa, makaɗin noma na Kausani, ya taso takanas don ya ji ɗansa.

"Wannan fa?" ta tambaya tana rusunawa.

"Wani dattijo ne ɗan garinmu," in ji Mudassir.

Tsohon ya dube shi, ya yi murmushi. "Haka ne, 'yata. Allah ya yi albarka." Ya juya kekensa ya tafi, kuma bai taɓa tayar da zancen ba.

So kuwa ya kama su kamar wutar kara. Kullum sai ta turo saƙo: "Muryata, ka ci abinci? Ka rage ruwan sanyi, maƙogwaron nan nawa ne." Shi kuma ya mayar: "An gama, Zinariya. Ke ce baitina na farko da na ƙarshe." Amma duk sanda ta ce ya gaida Baba, sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Garzali, ɗan baffanta da ya daɗe yana zuba mata ido, shi ya yi tattaki har Kausani ya dawo da labari da zafinsa cewa Mudassir ɗan Ƙasimu makaɗi ne. Mahaifinta, Malam Babba, manomi a Sabon Gari, ya ce Mudassir kada ya ƙara taka masa zaure.

Saƙonta ya shigo: "Ashe wanda na gaisar ran nan Baba ne? A gabana ka mai da shi baƙo. Wallahi ni na fi ka jin kunya."

Washegari ya daure ya je ya durƙusa gaban Malam Babba, kansa a ƙasa.

"Baba, na san gidan kiɗa ba kowa ke ba su aure ba."

"Kai, dakata," in ji dattijon. "Wa ya ce maka kiɗa na ƙi? Gangar Ƙasimu ce ta nome gonata tun kafin a haife ka. Amma wanda ya ji kunyar ubansa a gaban mace, gobe a gaban wa zai ji kunyar 'yata? Tashi ka je."

Mudassir ya tashi ya fito. Da zagi aka yi masa da ya fi sauƙi.

Asabar ta zo, Malam Babba ya kira gayya, samari suka jeru da fartanya, Ƙasimu ya rataya ganga yana zuga su. Can sai ga Mudassir ya shigo gonar, ya tuɓe takalmi, ya tsaya bayan tsohon inda 'yan amshi ke tsayawa. Wasu samarin da suka saba tafa masa a dandamali suka fara ƙus-ƙus. Gumi ya karyo masa, amma ya ɗaga murya.

"Jama'a, wannan mahaifina ne. Duk abin da kuka ji a bakina, a bayansa na koya. Baba, ka yafe mini."

Ƙasimu bai waiwayo ba. "Kama amshi, rana na yi," ya ce.

Ya kama. Har Khairiyya ta iso da furar manoma yana nan yana amshi, muryarsa ta dishe. Ta ajiye ƙwaryar a gabansa ba ta dube shi ba.

"Ka sha, Muryata. Babu ƙanƙara a ciki."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure. Aka nemi uban ango sama da ƙasa aka rasa, ashe kunyar ɗan fari ce ta kore shi gona. Bayan kwana biyu ango da amarya suka bi shi can, suka durƙusa gabansa a kan kunyar gona.

Tsohon ya kawar da kai, idonsa ya ciko.

"'Yata, ki riƙe mini shi. Allah ya ba ku 'ya'yan da za su nuna ku da hannun dama."

"Amin, Baba," in ji Mudassir, da ƙarfi yadda gonar maƙwabta ma ta ji.