Kwaɗon Da Aka Datse

Sufeto ya iske masana'antar roba tsit, sai ƙaurin waya. Da hantsi akwatin lantarki ya yi bindiga, walƙiyar ta babbake mai gyaran wuta, aka kwashe shi asibiti rai a hannun Allah. Ma'aikata har sun ɗaure tsohon mai gadi da igiya. In mutumin ya cika, kisan kai za a ɗora wa tsohon nan.

"Baba, an ce an gan ka riƙe da babban makunni."

"Kashewa na yi, ranka ya daɗe! Ban bari kowa ya taɓa shi ba sai da wuta ta mutu. Na hana su ɓamɓare rigar da ta manne masa, muka kwarara ruwa a ƙunar, aka kira motar asibiti."

Sufeto ya yi masa kallon tuhuma. A aikin nan ya sha ganin furfura da ƙarya fal ciki.

A ɗakin wuta ya tsinci kwaɗo bayan ƙofa, an datse shi. Ya buga waya asibiti, nas ta ce makullin yana rataye a wuyan mai gyara. To fa! Bawan Allah ya kulle makunni don tsare ransa, wani ya zo ya yanke.

"Wa ke ajiye almakashin ƙarfe?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Can wata mai shara ta ce, "Foman."

Foman, shugaban ma'aikata, yana ofis, ya toshe fuska da baƙin tabarau. Sufeto ya tambaye shi inda yake lokacin da akwatin ya yi bindiga, sai da ya maimaita da ƙarfi sannan ya ji.

"Ni? Ina bakin titi, Yallaɓai. Ban ga komai ba."

"Cire tabarau."

Idanu jajir suna zubar ruwa, gira ta ƙone ƙurmus.

"Daga bakin titi walƙiya ta lashe maka gira?"

Foman ya ce, "Roba ce za ta daskare a cikin inji, shi ya sa na datse kwaɗon na kunna wuta. Na leƙa ban gan shi ba, ashe yana durƙushe bayan akwati. Na zaci ya fita."

"Ka kira sunansa?"

"Ban kira ba."

Ran Sufeto ya ɓaci matuƙa. "Kofur, kwance Baba. Sa wa wannan ankwa."

Da aka zo wucewa da foman, tsohon yana murza wuyan hannunsa ya dube shi.

"Ta gabana ka wuce da almakashin, ɗana. Da ka tambaye ni, da na gaya maka mai gyara yana ciki."